Sansani a Tsakiyar Kogin Amurza

Tun zamanin da ba a san bindiga ba, can gabas mai nisa, tsakanin ƙasar Hindu da ƙasar Sin, an yi waɗansu dauloli biyu da Allah ya haɗa maƙwabtaka ba da son ransu ba. Ɗaya ita ce Sahrawand, ƙasar fadama da shinkafa, mutanenta ga yawa ga surutu. Ɗayar kuwa Kailamar, can bisa duwatsun ƙanƙara, mutanenta 'yan kaɗan, kuma sai ka wuni da mutuminsu bai gaya maka kalma goma ba. Kogin Amurza ne ya ɗaure su wuri ɗaya: a Kailamar yake tasowa, a Sahrawand ake shan sa. Kakanninsu sun fi shekara ɗari suna zubar da jini a kansa, har sai da wani jakadan Sahrawand mai suna Nauzar ya shekara huɗu yana hawa yana sauka, sannan ya samo yarjejeniya. Kailamar ta rantse ba za ta tare kogi ba har abada, Sahrawand kuma ta ɗauki alkawarin aika mata gishiri da shinkafa kowace kaka. Aka shekara talatin da ɗaya a haka, ba wanda ya zare takobi.

A shekara ta talatin da biyu, ana tsakiyar dashen shinkafa, sai kogin ya ɗauke. Aka wayi gari ruwa ya ja baya, kafin kwana uku yara suna tsintar kifi da hannu a cikin laka.

Sarki Azarmand na Sahrawand ya sa aka kaɗa tamburan majalisa. Sarki ne mai adalci daidai gwargwado, amma ya gaji yarjejeniyar ne bai ga yaƙin da ya haife ta ba, don haka bai san tsadarta ba. Sarkin Ruwa ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shekara arba'in ina auna kogin nan. Na ga fari, na san tafiyarsa, a hankali yake zuwa. Wannan kuwa yanke shi aka yi kamar an rufe ƙofa. Dashen da ke ƙasa zai jure kwana ashirin. Bayan nan, ranka ya daɗe, babu abin da za a girbe bana."

Sarkin Yaƙi Kubadan ya miƙe tsaye, sulkensa yana ƙara. Wani gabjejen mutum ne mai jarumta ta gaskiya, sai dai Allah bai hore masa sauraro ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, manzanni uku muka aika Kailamar, ukun duk an maido su daga Ƙofar Dutse, ba amsa, ba ko ruwan sha. Wanda bai yi laifi ba, me zai sa ya rufe ƙofarsa? Sun tare kogi ne don su durƙusar da mu da yunwa. Ka ba ni dakaru dubu goma sha biyu, in je in buɗe shi da kaifin takobi, in kawo maka Sarauniyarsu Yangzoma a ɗaure."

Aka kira masanin taurarin fada. Ya ce ya ga zalɓen bakin kogi sun bar ciyayi sun koma kan tsaunuka, wannan kuma alama ce ta cewa rundunar sarki za ta hau duwatsun Kailamar ta zauna. Fadawa suka ɗauki kabbara. Shi dai wannan malami tun da aka naɗa shi bai taɓa ganin alamar da ta saɓa wa mai ƙarfi a majalisa ba.

Sai aka ji tari daga can gefe. Jakada Nauzar ne, yanzu ya haura saba'in, gemunsa fari fat. Ya dogara sanda ya matso gaban karaga, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gabana mahaifin Sarauniya Yangzoma ya ɗanɗani gishirinmu ya rantse, ita kuma tana tsaye a bayansa. Na san mutanen nan. Suna da taurin kai, suna da girman kai, amma ba su iya ƙarya ba. Ban san abin da ya tare kogi ba, amma na san ba hannunsu ba ne. Ka bar ni in hau in gani da idona."

Kubadan ya ce, "In kuma hannunsu ne fa, baba?"

Nauzar ya ce, "To ga wuyana. Ni na ɗaura yarjejeniyar, in ta zama yaudara a fara sare kaina kafin a sare na kowa."

Sarki ya dubi Nauzar ya ce, "Na ba ka kwana goma, Jakada. Runduna za ta tafi tare da kai ta jira a gindin dutse. In rana ta goma ta yi tsaka ba ruwa, Sarkin Yaƙi ya hau, ni kuma zan ƙona takardar yarjejeniya a nan gaban majalisa, kuma zan karɓi abin da ka jingina."

Kwana huɗu suna tafiya, suka bar gonaki da ƙauyuka a baya, suka shiga wani kwari da ba kowa, inda duwatsu suka matse kogin hagu da dama. Ko'ina tsakuwa ce da gangare, ba inda za a kafa tanti, sai cikin kogin da ya ƙafe: yashi fari, shimfiɗe, mai laushi, in ka tona kamu ɗaya ka sami ruwan da doki zai sha. Kubadan ya ce a sauka nan. Kada mai karatu ya yi saurin zagin sa. Mutumin Sahrawand ya san kogi ne a matsayin abin da ke cika yatsa ɗaya yau, yatsa ɗaya gobe, har ka kwashe kayanka a tsanake. Shi kansa Nauzar, da duk hawan da ya yi, ya dubi tantunan nan sun jeru a kan yashi ya ce wuri ya yi kyau. Ya hau alfadarinsa ya kama hanyar dutse shi kaɗai.

Ya kwana biyu yana hawa kafin ya isa Ƙofar Dutse. Mai tsaronta shi ne Barde Tenzar, shugaban mayaƙan Kailamar, wani siririn mutum mai tabo a goshi. Ya leƙo daga bisa ganuwa ya ce, "Ba a shiga, Jakada. Ka koma."

Nauzar ya sauka daga alfadari, ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar hanya, ya zauna ya ce, "Ɗana, na ci abinci a akushi ɗaya da sarkinku marigayi. A al'adarku, wanda ya ci da sarki ba a barin sa a bakin ƙofa. In kun canza al'ada ne, ka faɗa mini, in mutu a nan in huta."

Tenzar ya sauka daga ganuwa. Daga bisani aka ji ƙarar sakata.

Da shigarsa ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Kasuwa a rufe, fada ba kowa, 'yan tsirarun da ya gani a hanya duk hannuwansu a naɗe da tsumma. Tenzar ya ja linzamin alfadarin suka zaga bayan gari, suka hau wani tudu. Nan Nauzar ya tsaya baki buɗe. Rabin wani dutse ne ya tsage ya rufto cikin kwazazzabon kogi, ya toshe shi ƙaf, ya binne wani ƙauye da ke gindinsa. Bayan toshiyar ruwa ya taru ya zama tafki, ido ba ya ganin ƙarshensa. A kan tarin ƙasar kuwa ga mutanen Kailamar kaf, maza da mata, suna tona hanyar ruwa da fartanya da hannu. Wata dattijuwa da laka ta ɓata har gwiwa ta ɗago ta dube shi. Sai da ta yi magana ya gane Sarauniya Yangzoma ce.

Ta ce, "Wa ya bar ka ka shigo, Jakada? Ban so ka gan mu a haka ba."

Nauzar ya ce, "Ranki ya daɗe, kwana nawa ke nan?"

"Goma sha shida."

"Kwana goma sha shida! Kuma ba ki aiko ba? Manzanni uku aka turo miki!"

Ta ce, "Ka san al'adarmu. Ba ma kai wa aboki labarin masifarmu sai mun gyara ta. Wanda ya faɗi damuwarsa tun tana ɗanya, roƙo ya yi. Mahaifina ya rantse ba za a tare kogi a ƙasar nan ba, ga shi an tare. Da wane baki zan aika wa sarkinku? Na ce mu buɗe shi tukuna, sannan in aika da ban haƙuri."

Nauzar ya ji daɗi da haushi sun taso masa lokaci guda, har ya rasa wanda zai fara nunawa. Daɗin shi ne bai yi kuskure a kansu ba. Haushin kuwa, wannan kunya tasu ta kusa jawo yaƙin da ya ƙare ƙuruciyarsa wajen kashewa. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Allah ya ja zamaninki, shirunki ya tara dakaru dubu goma sha biyu a gindin dutsenku. Saura kwana huɗu su hau."

Sarauniya ta ce, "Ba za a kai kwana huɗu ba. Masu tona sun ce ruwa ya fara tsatsafowa ta ƙasa, jajawur da laka. Jibi kafin rana ta yi tsaka toshiyar za ta tafi, ko mun so ko ba mu so ba. Za ku sami ruwanku. A wane tudu rundunar taku ta sauka?"

Nauzar ya ce, "Ba a tudu ba. A cikin kogi."

Tenzar ya ce, "A bakin kogi kake nufi."

"A'a, a tsakiya, kan yashi. Wurin da daɗin kwanciya."

Fartanyar da ke hannun Sarauniya ta faɗi. Ta dubi Tenzar, Tenzar ya dube ta. A Kailamar ko akuya ba a ɗaurewa a cikin busasshen rafi. Nauzar ya juya ya sake duban tafkin nan, sai yanzu ya gane abin da yake kallo.

Nan take ya rubuta wa Kubadan takarda cewa ya kwashe runduna daga cikin kogi, ya buga hatiminsa, aka ba wani mai gudu daga cikin mutanen dutse, waɗanda ke sauka a wuni ɗaya inda alfadari ke kwana biyu. Washegari da la'asar ya dawo da amsar Kubadan: "Ku gaya wa Sarauniyarku na gane dabararta. Kun kama tsoho kun tilasta masa rubutu, don mu bar fili mu hau gangare ku mirgino mana duwatsu. Ina nan inda nake har ranar goma."

Sarauniya ta tara manyanta a nan bakin toshiyar. Wani ya ce ai an yi wa dakarun Sahrawand gargaɗi, alhakinsu a wuyansu. Sarauniya ta ce, "In dakaru dubu goma sha biyu suka mutu da ruwan da ya fito daga ƙasata, wa zai yarda ba ni na sake shi ba? Jikokinmu za su gaji yaƙin. Kuma ko ba don haka ba, ba zan tsaya ina kallo ba. Jakada, kai ka san mutuminka. Me ke tayar da shi?"

Nauzar ya yi ta shafa gemu. Can ya ce, "Ranki ya daɗe, Kubadan ba ya jin shawara, amma bai iya ganin ƙeyar abokin gaba ya zauna ba. Kuma a dokar Sahrawand, rundunar da aka ƙwace wa tutar sarki ba ta shiga gari sai ta dawo da ita. In aka ɗauke tutar aka hau tudu da ita, ba wanda zai rage a ƙasa."

Sarauniya ta juya ga Tenzar ta ce, "Barde, ka ɗauki mutum ɗari uku. Ku cire kan kibanku, ku bar takubba a gida, ku riƙi sanduna da garkuwa. Kada jinin mutum ɗaya nasu ya zuba."

Tenzar ya ce, "Su fa za su kashe mu, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Na sani."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "An gama."

Suka ɗauki Nauzar a kan makarar gora suka gangara da shi. Washegari da hantsi, dakarun Sahrawand na cikin karin kumallo, sai suka ji ƙaho daga bisa, kibau suka zubo kamar ruwan sama. Kafin su lalubo sulke, mutanen dutse sun faɗo sansani a dunƙule, garkuwa a gaba, suna ture duk wanda ya tare su. Suka nufi tantin Sarkin Yaƙi kai tsaye. Tenzar ya doke hannun mai riƙon tuta, ya fizge ta, ya saɓa a kafaɗa, ya juya ya yi wa Kubadan wata irin dariya ta raini da ba halinsa ba, sannan suka kwasa da gudu suka kama gangaren gabas.

Kubadan ya yi wata ƙara da ta amsa a duwatsu. "Tuta! Sun ɗauke tuta! Duk wanda ya tsaya a baya ni zan kashe shi!"

Runduna ta ɗunguma. Mahaya suka bi ta faffaɗar hanya, dakarun ƙasa suka kama duwatsu da hannu da ƙafa. Mutanen Tenzar suna gudu suna tsayawa, don kada a fid da rai a koma. Duk tsayawar da suka yi sai an bar gawar wani nasu a wurin, ga mashi ga takobi, su kuwa sanda kawai suke karewa da ita.

A sansani an bar masu dafa abinci, da masu kiwon dawaki, da marasa lafiya, sun kai ɗari biyar. Sai ga Jakada Nauzar ya ɓullo daga bayan wani dutse yana ɗaga sanda yana ihu: "An ci Kailamar! Sarkin Yaƙi ya ce a hau a raba ganima, wanda ya makara ba shi da kaso!" Allah ya gafarta wa tsoho wannan ƙarya. Mutumin da tun jiya yake nishi ba ya iya ɗaga kai, sai ga shi ya riga masu lafiya kama gangare. Waɗanda da gaske ba sa iya tashi aka aza su a kan dawakin kaya. Nauzar ne na ƙarshe, wani ƙaton mai tuwo ya goya shi.

A can bisa tudu kuwa an ritsa Tenzar. Bayansa dutse, gabansa masu, mutanensa arba'in da ɗaya sun faɗi. Kubadan ya ratso dakaru ya doke sandar hannunsa, ya fizge tutar, ya ɗora masa takobi a wuya ya ce, "Ka yi addu'arka, ɓarawon tuta."

Tenzar yana haki ya ce, "Dakata kaɗan, Sarkin Yaƙi. Saurara."

Da farko ƙasa ce ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Sai wata ƙara ta taso daga arewa, kamar tsawar da ba ta yankewa. Dawakai suka yi ta haniniya suna tsalle. Kowa ya juya ya dubi kwari. Ruwa ne ya karyo kwana, jajawur, tsayinsa ya fi ganuwar birni, yana ɗauke da itatuwa da duwatsu kamar ɗakuna. Ya hau kan sansanin. Tantuna dubu, da tukwane a kan wuta, da rumbunan hatsi, kafin mutum ya ƙifta ido sau uku babu ko ɗaya. Inda suka kwana jiya ya zama kogi daga dutse zuwa dutse.

Mutum dubu goma sha biyu suka tsaya ba mai motsi. Wani ya zube ya yi sujada, wani ya fashe da kuka, wani ya rungume na kusa da shi bai ma san ko wane ne ba. Takobin Kubadan ya sauka a hankali. Ya ga wata kibiya maƙale a ɗamarar sulkensa, ya zaro ta ya duba, ba kai, itace ne kawai. Ya tsinci wata a ƙasa, ita ma haka. Ya dubi gawarwakin mutanen dutse da ke warwatse a gangare, kowanne da sanda a hannu. Ya tambayi hakimansa mutum nawa aka kashe musu. Aka zaga aka dawo aka ce ko ɗaya, sai masu targaɗe da kumburin goshi.

Daidai nan aka sauke Nauzar a gabansa. Kubadan ya dube shi, ya juya ga Tenzar. Wannan jarumi da bai taɓa durƙusa wa kowa ba sai sarkinsa, ya zube gwiwa biyu a gaban Tenzar ya miƙa masa takobin ta ƙota, ya ce, "Barde, na kashe mutanen da suka zo ceto na. Ga takobi, ka yi hukuncinka."

Tenzar ya ture takobin gefe ya ce, "Mayar da shi kube. Muna da matattu a nan, muna da wani ƙauye a ƙarƙashin ƙasa da ba mu tono ba. Hannuwanmu sun ƙare." Sai ya faɗi abin da ba a taɓa jin sa a bakin mutumin Kailamar ba. "Muna neman taimako."

Kubadan ya miƙe ya juya ga rundunarsa, hawaye na bin gemunsa, ya ce a ɗauki kowane mamaci da kowane mai rauni na Kailamar a kan garkuwar Sahrawand, hakimai ne za su ɗauka ba bayi ba, kuma ba mai komawa gida sai an tono ƙauyen nan. Shi da kansa ya sa kafaɗa a ta farko.

Kafin su tashi ya dawo wurin Nauzar ya ce, "Baba, saura kwana biyu wa'adinka ya cika, tafiyar kuwa kwana huɗu ce. Ko na ba manzo dokina ba zai isa ba. Sarki zai ƙona takardar."

Nauzar yana zaune a kan dutse, ya miƙe ƙafafu, yana kallon ruwan da ke gangarawa kudu, ya fara faɗaɗa yana lafawa tun kafin ya fita kwari. Wata doguwar ajiyar zuciya ta ƙwace masa, irin wadda ya riƙe tun ranar majalisa. Ya ce, "Bar dokinka ya huta, ɗana. Gobe war haka ruwan nan yana cikin gonakin Sahrawand, kuma sarki zai ji ihun manoma tun daga fada."